Jirgin Ikko Da Huhun Goron Baffa

Shekarata goma sha huɗu ranar da Baffa ya leƙo zauren gidanmu ya ce in naɗe tabarmata in ɗauki buta, gobe za mu Ikko. A 1971 ne, shekara guda da ƙare yaƙin basasa, wata bakwai da rasuwar mahaifina. Baffa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya ɗauki nauyinmu. Fataucin goro yake yi. Inna ba ta ce komai ba a gabansa, sai da ya fita ta shiga ɗaki ta soya mini aya, ta ƙulle mini sule biyu a bakin zani, ta yi ta ja mini kunne kada in leƙa kai ta taga.

Ban taɓa wuce Zariya ba kafin ranar. Tashar Kano da na gani da safen nan ta fi mini kasuwar Kurmi hayaniya. 'Yan dako suna gudu da buhuna a ka, ana ɗora kaya a sikeli ana rubuta lamba da alli, mata da ƙullin kaya da goyo, sojoji da jakunkunansu, almajirai, makafi da 'yan jagora. Can gefe ana hango ragowar dalar gyada. Baffa ya kai buhunan kanwa da wake aka auna aka ba shi takarda, sannan ya sayo mana tikiti, wani ɗan kwali mai tauri da bai fi tsawon yatsa biyu ba, wanda ma'aikaci yake hudawa da almakashinsa. Ya ce in na yar da shi, a can zai bar ni wurin Yarbawa su koya mini cin amala.

Kada wani ya yaudare ku da daɗin baki, tad kilas ba wurin hutu ba ne. Benci ne na katako. Tun jirgi bai gama tsayawa ba samari suke cusa tabarmi ta taga don kama wuri. Akwai kaji a ƙarƙashin kujera, akwai wanda ya shimfiɗa ɗansa a kan maratayar kaya, ban ɗaki kuwa kafin a kai Kaduna ya fi ƙarfin mai ƙyanƙyami. Masu hali suna gaba a fes kilas, da gado da fanka da taragon cin abinci inda ake kawo shayi a tire. Sau ɗaya na leƙa, mai duba tikiti ya koro ni. Amma abu ɗaya da mu da su duka muka samu daidai: an ce ƙarfe kaza zai tashi, ƙarfe kazan gad ya busa usur ya ɗaga koriyar tuta, muka ji ƙugiyoyin taragai suna amsa wa juna tun daga gaba har baya. Baffa ya ciro agogonsa na aljihu ya duba, ya gyaɗa kai, ya mayar. A ƙauyukan bakin dogo ma, da kukan jirgi mata suke sanin lokacin ɗora sanwa.

Baffa ba mai yawan magana ba ne a gida. A jirgi kuwa sai ya zama wani mutum dabam. Tashoshin nan a kansa suke kamar karatun allo: Challawa, Madobi, Zariya, Kaduna, Gwagwada, Sarkin Pawa, Minna, Zungeru, Wushishi, Kutiwenji, Mokwa, Jebba. Ya san inda ake sayen rake, inda doya ta fi araha, inda ruwan famfon tasha yake da daɗi a cika buta, da inda in ka sauka kama ruwa za ka dawo ka tarar da wutsiyar jirgi. A Zungeru ya nuna mini wajen da ya ce nan Gwamna Lugga ya zauna kafin a mayar da hedikwata Kaduna, ya ƙara da cewa a garin aka haifi Zik, a nan kuma aka haifi Ojukwu. Wani soja da ke kusa da mu, wanda bai daɗe da dawowa daga bakin daga ba, ya yi tsaki ya juya fuska. Taragon ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wata tsohuwa Banufiya ta ɓare lemo ta miƙa wa sojan.

Tsakanin Kaduna da Minna ne, da dare, ya ba ni labarin da ya sa na fahimci taurin kansa daga baya. Kakana, wato mahaifinsu shi da babana, ya yi diga a wannan hanya. Lokacin da Turawa suke shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, hakimai da dagatai aka ɗora wa kawo mutane, kowane gari da adadinsa, kuma ba tambayarka ake yi ba ko kana so. Kakana yana saurayi aka tasa ƙeyarsa. Kwando yake cikawa da ƙasa ya ɗora a ka ya kai ya zuba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a biya shi da ƙarfen Bature da a lokacin mutanenmu ba su gama yarda da shi ba, sun fi gane wuri. Baffa ya buga ƙafarsa a daɓen taragon ya ce, "Ɗan nan, ƙasar da ke ƙarƙashin nan da kan ubana aka ɗauko ta. In na hau jirgi, a kan gumin gidanmu nake tafiya."

Shekarun abin kuwa sai daga baya 'ya'yana da suka yi boko suka karanta mini. An fara aikin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, jirgi ya shigo Kano a 1911. Ta kudu kuma tun 1896 aka taso daga Ikko, aka kai Badun a 1901, aka yi ta turowa arewa har layukan biyu suka haɗu a Minna, aka mayar da su abu ɗaya a 1912. Kafin a gama gadar Jebba, a jirgin ruwa ake ɗora taragai a tsallaka da su Kwara. Daga Kano zuwa Ikko kilomita 1,126 ne. Bature auduga ya sa rai zai kwasa, sai manoman Kano suka ga gyada ta fi kawo kuɗi, suka cika masa tasha da ita har ta fi ƙarfin taragansa, aka riƙa jibge buhuna ana jiran layi. Asalin dala ke nan. Sauran rassan duk kaya suka bi: Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, layin gabas ya taso daga Fatakwal ta Inugu saboda kwal, Maiduguri ce ta zo ƙarshe a 1964. Mu fasinja, in an bi ta gaskiya, ɗosana mu aka yi a bayan buhu.

Wani abin da ya ɗaure mini kai a tafiyar farko shi ne tsayuwa a ƙananan tashoshi inda ba mai hawa ba mai sauka. Na tambayi Baffa, ya ce hanyar guda ɗaya ce tal, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke, sai a tasha ne take rabuwa biyu a kauce wa juna. Direba ba ya tashi sai tashamasta ya miƙa masa wani ƙarfe a cikin zobe, shi ne shaidar cewa daga nan zuwa tasha ta gaba hanya tasa ce shi kaɗai. In ya isa ya miƙa wancan ya karɓi wani. Dabara ce mai kyau matuƙar kowa yana kan lokacinsa. Amma in ɗaya ya makara, wanda ke jiransa ya makara, wanda ke jiran wancan ma haka, har abin ya kai Ikko. Ina yaro abin ya ba ni sha'awa kawai. Ban san a wannan ɗan ƙarfen dukiyata za ta maƙale wata rana ba.

Jebba kuwa, har yau in na rufe ido ina ganinta. Jirgi ya rage gudu kamar mai sanɗa, ƙarar ƙafafunsa ta canja ta koma ta ganga, ruwa ya bayyana ta dama da hagu, ga wani dutse tsaye a tsakiyar kogin. Masu hira suka yi shiru, tsofaffi suna jan carbi, wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Na manta da jan kunnen Inna na zura kai. Muna tsayawa a tasha masu soyayyen kifi suka yanyame tagogi, kuma a nan na fara jin ana ciniki da harshe uku a lokaci guda. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, itatuwa suna ƙara tsawo suna matsowa, iska tana nauyi, rufin kwano mai tsatsa ya maye gurbin soro. Sallolinmu ƙasaru muke yi, in an samu doguwar tsayuwa a sauka a yi jam'i a kan dakalin tasha, ladan yana kiran salla ido ɗaya na kan gad.

Ba mu kai Iddo, tashar ƙarshe a Ikko, ba a wannan karon, a Agege muka sauka, wajen maigidan Baffa a Zango. A can na koyi sana'a. Goro rai gare shi, wannan shi ne karatun farko. Ana zaɓarsa ɗaya bayan ɗaya, a ware fari da ja, a ware marsa, a fitar da duk wanda sankara ta taɓa don guda ɗaya sai ya lalata ƙwarya. A jera shi cikin ganye a ɗaure huhu tamau. Ba ya son zafi, ba ya son iska ta buge shi, ba ya kuma son a daɗe ba a buɗe an duba shi an canja ganye an yayyafa ruwa ba. Ɗan goro da kwana yake lissafi. In ka ce masa kwana biyu, ya san abin da zai tarar. In biyun suka zama shida, to sai dai ya yi innalillahi.

Tun a lokacin ma wasu abokan Baffa sun koma mota. Kasuwar goro tana ta karkata zuwa Shagamu, garin da dogo bai bi ta cikinsa ba, gingimari tana ɗauka daga bakin rumfa ta sauke a bakin rumfa. Suna yi masa tsiya suna ce masa ɗan reluwe. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, sannu ba ta hana zuwa. Ba ya ƙarasa karin maganar, su suke ƙarasa masa suna dariya.

Shekara goma sha huɗu na yi ina bin hanyar nan, da farko a bayansa, daga baya ni kaɗai da ƙafafunsa suka fara ciwo. Ba zan iya nuna ranar da abin ya fara lalacewa ba. Fankar tarago ta mutu ba a gyara ba. Fitila ta ƙone, muka koma kunna tocila. Famfon tasha ya ƙafe. Latti na awa ɗaya ya zama na awa biyar, har ya kai in ka tambayi ma'aikaci yaushe jirgi zai zo sai ya ɗaga kafaɗa ya ce yana hanya. Su kansu ma'aikatan tausayi suke ba ni. Na san wani tsohon tashamasta da ya ci gaba da goge fitilarsa ta sigina kullum da yamma alhali kananzir ɗin da zai zuba mata daga aljihunsa yake saya.

Dalilan suna da yawa, kuma wasu tun kafin in fara tafiya aka shuka su. Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ƙwararrun ma'aikata 'yan gabas daga tashoshin arewa, direbobi da makanikai da akawuna, yaƙi ya zo ya datse layin gabas da kwal ɗin Inugu da tsofaffin injuna suke ci. Sai farin 1973, sai cutar da ta kama gyada a 1975, dala ta ɓace, kayan da ke ciyar da dogo ya tafi. Kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta zuba shi a kwalta, aka buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978, ma'aikata suka samu ƙarin albashin Udoji suka sayi babur ko mota. Dogo kuwa yana nan yadda Bature ya bar shi, siriri, ƙafa uku da rabi, ga kwana-kwana da hawa da gangara da ba sa barin a yi gudu. A 1964 mutum sama da miliyan 11 suka hau jirgi a ƙasar nan, zuwa 1974 ba su kai miliyan 5 ba. An kawo Indiyawa a 1979 suka riƙe harkar har 1982, kuma shaida nake bayarwa, a shekarun nan jirgi ya dawo yana kiyaye lokaci, taragai suka yi tsabta, har Baffa ya samu bakin rama tsiya. Suna tafiya aka koma gidan jiya, kayan gyara kuma daga waje ake sayo su ga kuɗin waje ya yi wuya. Sai a kwance wannan inji a gyara wancan.

Abin da ya raba ni da jirgi ya faru ne da daminar 1985. Na yi lodi mafi girma da na taɓa yi. Jarin ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na Baffa, akwai kuɗin adashen Inna, akwai na wasu zawarawa biyu na unguwarmu da suka ba ni amana in juya musu. Mun wuce Mokwa lafiya. Muna isa Kutiwenji kan jirgi ya yi wani irin tari ya mutu. Aka ce za a turo wani daga Minna. Wanda za a turo ɗin shi ma yana can ya maƙale a bayan wani jirgin kaya, kuma hanya ɗaya ce. Kwana huɗu muka yi.

Mutanen garin Allah ya saka musu da alheri, sun yi ta kawo mana tuwo da ruwa, wasu ko kwabo ba su karɓa ba. A kwana na biyu wata mata ta haihu a taragonmu, matan Yarbawa da na Hausawa suka kewaye ta da zannuwa, aka kore mu waje. Ni kuwa hankalina na kan taragon kaya. An kulle shi an buga masa hatimi, rana tana dukan ƙarfen tun safe, ina tsaye ina taɓa jikinsa kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Na roƙi wanda ke da iko ya buɗe mini ko na rabin awa in yayyafa ruwa. Ya ce wallahi ya tausaya mini, amma in ya karya hatimin nan aikinsa ne zai tafi, yana da 'ya'ya bakwai. Ban ga laifinsa ba ko a lokacin. A gindin wata bishiyar mangwaro na kwana huɗun nan, ina lissafi da tsinke a ƙasa ina sharewa.

Da muka buɗe huhunan a Kano, tururi ne ya fara fitowa. Fiye da rabi ya dahu ya yi baƙi. Na kai kuka inda ake kai wa, aka ba ni takarda in cike, aka ce in dawo, na dawo aka ce in sake dawowa, har takalmina ya gaji na bari. Filin da na saya zan yi gini shi na sayar na biya zawarawan nan. Inna ta ce ta yafe nata, ban yarda ba, amma sai bayan shekara biyu na iya mayar mata.

Da dare na je na sami Baffa a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, ina neman izini. Lodi na gaba a mota zan yi."

Ya daɗe yana kallon fitila. Ya ce, "Ka san mota tana kifewa."

Na ce, "Na sani, Baffa. Amma in ta lalace a hanya, zan iya kwance tamfol in duba kayana."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "To, ka girma. Allah ya sa albarka." Ya ciro mabuɗin sito daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ce dare ya yi. Daga ranar bai ƙara tambayata ta wace hanya kaya suka zo ba. Sai dai ya tambayi nawa aka sayar.

A nan ne nake so in faɗi abin da ya sa na zauna rubuta wannan. In an taru ana zagin waɗanda suka kashe jirgin ƙasa, ana kiran gwamnatoci da manyan masu tireloli da ɓarayin ƙarfen dogo, nakan yi shiru, don na san ni ma da hannuna. Ban tsaya a hayar mota ba. Cikin shekara shida na sayi tirela tawa, daga baya na ƙara ta biyu, har na riƙa zuwa ina zuga sauran 'yan goro da 'yan shanu da suka rage a tasha su dawo wurina. Kowane huhu da na janye, kuɗin gyaran wani inji ne ya ragu. Ban yi nadamar ciyar da iyalina ba, in aka mayar da ni 1985 abin da zan sake yi ke nan. Sai dai ba na iya zama a majalisa in yi ta nuna wasu da yatsa kamar daga sama na faɗo. Motar ma ta karɓi nata haraji: a 1994 ɗaya ta faɗi a gangaren da ke kusa da Jebba, yaron mota ya rasu, ɗan shekara ashirin, ni na kai gawarsa ga uwarsa. Maganar Baffa ta dawo mini a ranar, shi kuwa ko da wasa bai tuna mini ba.

Kafin wannan, a 1990, lokacin da Ogbemudia yake riƙe da reluwe har ya ɗan farfaɗo da ita, Baffa ya ji a rediyo jirage sun dawo aiki. Ya aiko a kira ni ya ce yana so ya je Agege ya yi wa iyalan maigidansa ta'aziyya, kuma ba zai shiga mota ba. Na ajiye komai na raka shi. Na ce in saya mana fes kilas saboda ƙafarsa, ya ce shi bai san hanyar can ba. Ya zauna a bakin taga yana kiran sunayen tashoshi kafin mu kai su. Wasu mun tarar an rufe, ciyawa ta cinye dakali, awaki a ofishin tashamasta. In mun wuce irin waɗannan sai ya kira sunan duk da haka, a hankali, kamar mai kiran sunayen mamata a addu'a. Agogon aljihun yana tare da shi amma ban ga ya ciro shi ba ko sau ɗaya. Tafiyarsa ta ƙarshe ke nan, ya rasu a 1996.

Bayan nan jirgin Ikko ya zama sai labari. An yi kwangila da 'yan Chana a 1995 zamanin Abacha, aka kawo sababbin injuna da taragai, ba a daɗe ba aka koma shiru. Mutane suka kafa rumfuna a kan dogo, 'yan gwanjo suka baza kaya a kan ƙarfen, yaran da aka haifa a bakin layi suka girma ba su taɓa jin kukan jirgi ba. Wanda abin ya fi dokewa shi ne talaka mai tafiya da kaya, irin tsohuwar da za ta kai wa 'yarta garar haihuwa Badun da buhun gero da tukwane. A jirgi da kuɗi kaɗan take zuwa, ta miƙe ƙafa, ta yi salla, ta kama ruwa. A bas ɗin dare kuwa kuɗin kaya ya fi kuɗin mutum, ga 'yan fashi a hanya.

A watan Disamba na 2012, zamanin Jonathan, aka sake buɗe layin bayan an gyara. Sau ɗaya a mako, ya taso daga Ikko ran Juma'a, ya bar Kano ran Litinin, tikitin ƙaramin aji bai kai naira dubu biyu ba. Farkon 2013 na ɗauki babban jikana, shekarunsa kusan nawa na ranar farko, na ce ya zo ya ga hanyar kakanninsa. Kujerun yanzu da katifa, amma cunkoson yana nan, kajin ma suna nan. Yaron ya riƙa duba waya yana ƙirga awoyi. Da muka haura awa ashirin ya ce, "Tsoho, wai wannan abin kake ta yi mana kuri da shi? Ai keke ya fi shi sauri." Na ce ya bari mu kai Jebba. Da muka hau gadar ya ajiye wayar ya zura kai ta taga, na kama masa riga ta baya, ban hana shi ba. A Kutiwenji kuwa na nemi bishiyar mangwaron nan ban gane ta ba, ko an sare ta ko ni ne na manta gefen da take. Sama da awa talatin muka yi kafin Iddo.

Daga baya jirgin ya riƙa tsayawa yana dawowa, yau ruwa ya wanke hanya, gobe korona, jibi rashin tsaro a dajin da ke tsakanin Kaduna da Minna. An gina sababbi masu faɗin layi, na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021, aka kuma fara aikin na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi. Na hau na Abuja sau biyu kafin harin da aka kai masa a watan Maris na 2022. Yana da sanyi, yana da sauri, kowa da lambar kujerarsa. Ba wanda ya ɓare lemo ya miƙa wa wani, amma awa biyu ce, ba a kai ga jin yunwa ba balle a saba. Ban kuma ga inda ɗan goro zai sa huhu ba.

Yanzu yara ne ke riƙe da harkar, ni sai dai in je kasuwar goro ta Mariri in zauna a rumfa a gaisa. Makon jiya muna jiran lodi daga Shagamu, direba ya bugo waya daga wajen Mokwa. Wata tanka ta faɗi ta tare hanya, tireloli sun yi layi ba a ganin ƙarshensu, kwanansu biyu ke nan ba motsi. Ɗana ya rasa abin cewa ya miƙo mini wayar. Na tambayi direban a ina daidai yake, ya ce ga shi nan kusa da tsohon layin dogo, har ma a kan ƙarfen suka shanya wankinsu. Na ce ya saurara da kyau: kada ya taɓa tamfol da rana, ya bari sai bayan isha'i ya kwance gefe ɗaya iska ta shiga, ya nemi ruwan rijiya mai sanyi ya yayyafa sama-sama kada ya jiƙa, ya zura hannu cikin huhun tsakiya, in ya ji ɗumi ya kira ni ko ƙarfe nawa ne.